Sannu Baba, Je Ka Huta

Yau maganar tsufa za mu yi, wato yadda muke bi da wanda ya manyanta a wurin aiki, a banki, a asibiti, har da cikin gidan da ya gina da guminsa. Na san da jin haka wani zai gyara zama ya ce ai wannan matsalar Turawa ce, su da suke kai iyayensu gidan tsofaffi su juya baya. Mu da muke durƙusawa mu gai da babba, muke jin nauyin kiran sunansa gatsau, ina mu ina wulaƙanta tsoho? Gaskiya ne muna yin duk wannan, Allah kuma ya sa mu ɗore. Sai dai gaisuwa daban, haƙƙi daban. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ladabin bakin nan ya zama mayafin da muke lulluɓe wata irin wariya da shi, har mu kanmu muka daina ganinta. Da "sannu Baba" ake sallamar mutum daga aiki yana da sauran ƙarfinsa. Da "Baba je ka huta, za mu ji da komai" ake yanke shawara a kan gonarsa, yana zaune a zaure bai sani ba. Murya a tausashe, amma hukuncin ɗaya ne: an ƙirga shekarunsa, an gama da shi.

Wannan ƙirgen shi ne tushen cutar. Wariyar shekaru ita ce ka ɗauki yawan shekarun mutum ka mai da shi ma'aunin hankalinsa da amfaninsa, tun ba ka gwada shi ba. Wani likitan Amurka, Robert Butler, shi ya raɗa wa abin suna a 1969, ya jera shi sahu ɗaya da wariyar launin fata da ta jinsi, domin hanyarsu guda ce: a dubi siffar da mutum bai zaɓar wa kansa ba, a yanke masa hukunci da ita. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan lamarin, ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana yi wa tsofaffi irin wannan kallo. Adadin ya fito ne daga amsoshin mutum sama da 83,000 a ƙasashe 57. Ga inda ya kamata mu kasa kunne: rahoton ya nuna abin ya fi tsanani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, fiye da ƙasashen masu arzikin da muke nunawa da yatsa.

Mu fara da ƙofar shiga aiki. Duk wanda ya taɓa duba tallar ɗaukar ma'aikata a Najeriya, musamman ta bankuna da manyan kamfanoni, ya san layin nan da ke cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Ke nan tun kafin furfura ta leƙo an fara kiran mutum tsoho. Wannan kuwa a ƙasar da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, ƙasar da ɗan talaka kan dakata ya yi noma shekara biyu ko uku kafin ya tara kuɗin makaranta. To ina ga mai shekara 45 da masana'antarsu ta rufe, kamar yadda masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suka yi ta rufewa? Wa zai ma karɓi takardarsa ya duba? Abin da wannan ya haifar kowa ya san shi: a je kotu a yi rantsuwar shekaru a zabge biyar ko bakwai, mutum ya zama yana da shekarun haihuwa, yana da shekarun aiki. Ƙarya ba ta da kyau ko ta wace fuska, amma tsarin da ya mai da faɗin gaskiyar ranar haihuwa abin hukunci, shi ma yana da rabonsa na alhaki.

Doka kuma ta yi gum. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Shekaru ba sa cikin jerin. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sa iyakar shekaru a tallar aiki, amma kira bai kai doka ba. Amurka ta yi tata dokar tun 1967, mai kare wanda ya kai 40 zuwa sama, kuma ko a can cutar ba ta mutu ba. Masanin tattalin arziki David Neumark da abokan aikinsa biyu sun aika takardun neman aiki na gwaji sama da 40,000, sai ga shi masu manyan shekaru an fi ƙin kiransu, abin kuma ya fi shafar mata. Idan haka yake inda mai ɗaukar aiki ke tsoron kotu, yaya zai kasance inda ake rubuta iyakar shekarun ɓaro-ɓaro a talla?

Sai ƙofar fita. Ƙa'idar aikin gwamnati shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Akawu ko malamin gona da ya kama aiki yana ɗan 20, a 55 zai ajiye, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa. Gwamnati da kanta ba ta yarda cewa 60 ce iyakar amfanin ɗan Adam ba: a 2012 ta mai da na farfesoshi 70, a 2022 na malaman makaranta ya koma 65, a 2023 aka gyara tsarin mulki alƙalan manyan kotuna duka suka koma 70. Ƙwaƙwalwar alƙali da ta injiniyan ruwa halitta ɗaya ce. Lambar dai mutane ne suka sa ta, tana matsawa ga mai murya, tana tsayawa cak ga marar ita.

Bayan an fita, ku dubi layin tantance 'yan fansho. Dattijo ne da ya yi shekara 35 yana koyar da 'ya'yan mutane, ya taso tun asuba daga ƙauye, kuɗin motar ma rance ne. A hammatarsa akwai jakar leda, a ciki takardar kama aiki da ta yi ja ta fara yagewa a kan ninki, da takardar ƙarin girma ta ƙarshe, da hoton fasfo. Yana zaune a ƙasa a gindin darbejiya har azahar, sannan wani yaro sa'an jikansa ya leƙo ya ce, "Baba ku yi haƙuri, na'ura ta ƙi, ku dawo jibi." Guminsa fa ya zo karɓa, ba sadaka ba. An yi dokar gyaran fansho a 2004, aka sabunta ta a 2014, an kuma samu ci gaba, amma jihohi da dama sun sha riƙe garatutin mutane shekara da shekaru, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Abdulrasheed Maina, mutumin da aka naɗa ya gyara harkar fansho, ɗaurin shekara 8 kan halatta kuɗin haram kimanin naira biliyan 2. Me ya sa kuɗin fansho ne ɓarawo ya fi saurin miƙa wa hannu, gwamnati kuma ta fi saurin jinkirtawa? Saboda ɗan fansho ba shi da aikin da zai yi yaji da shi. Ma'aikaci in an taɓa albashinsa sai ya garƙame ofis. Tsoho in an taɓa nasa, sai dai ya bar wa Allah.

Su 'yan fansho ma masu gata ne, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani suke ba: manoma ne, 'yan tireda, maƙera, 'yan dako. Ba su da ranar ritaya sai ranar da jiki ya ƙi, su ne kuma sabon zamani ya fi rufe wa ƙofa. Yau komai sai da zanen yatsa: lambar banki, lambar ɗan ƙasa, katin zaɓe. Manomin da ya yi shekara 50 riƙe da ƙotar fartanya, da tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tsakanin taɓarya da wanki da tuyar ƙosai, zanen yatsunsu ya shafe. A ɗora babban yatsa a kan gilashi, na'ura ta ƙi. A ce ya goga a goshi ya samu maiƙo, a sake ɗorawa, ta sake ƙi. Na bayansa a layi su fara tsaki. Ba wanda ya zauna ya ƙudurta cutar da shi. An dai gina tsarin ne da hannun saurayi a zuciya, aka manta akwai hannun da aiki ya cinye. Haka aka gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya: mai sayar da daddawa da ba ta karanta boko, idonta ma ba ya ganin ƙananan lambobi, sai dai ta miƙa wa wani wayarta da lambar sirrinta, ta yi fatan mai amana ne.

A wajen rashin lafiya kuwa, magana ɗaya ce ke kashe baki: "tsufa ne." Ido ya yi hazo, tsufa ne, kunne ya yi nauyi, tsufa ne. Alhali cire yanar ido aiki ne da bai kai awa guda ba, mutum ya koma yana karanta Alƙur'aninsa. Sau da yawa ma ba likita ne ke faɗa ba, a gida ake yankewa cewa kuɗin maganin Baba asara ce. Mafi ciwo, shi kansa tsohon yakan haɗiye maganar ya yarda da ita. Becca Levy ta Jami'ar Yale da abokan aikinta sun bi rayuwar mutum 660 a jihar Ohio ta Amurka, suka wallafa a 2002 cewa masu kallon tsufansu da kyakkyawan zato sun fi sauran daɗewa da kimanin shekara 7 da rabi. Rai na hannun Allah, amma sababin a fili yake: wanda ya yarda ya ƙare ba ya neman magani, ba ya motsa jiki, ba ya shiga mutane.

Tsohuwa kuma kasonta ninki biyu ne. Tun a tatsuniya muka saba da ita a matsayin mai kai gulma fada. In mijinta ya rasu, ba ta da tsayayyen ɗa, ga gigin tsufa ya kama ta tana fita da dare tana sambatu, sai ka ji an fara raɗe-raɗin mayya ce. Gigin tsufa kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne da likitoci suka sani. A arewacin Ghana akwai sansanoni irin na Gambaga inda matan da aka kora da wannan zargi ke fakewa, kuma a watan Yuli na 2020 aka yi wa wata mai shekara 90 duka har lahira a garin Kafaba, jama'a na tsaye suna kallo. Mu ma nan ba mu rasa jin makamancin haka, kuma da wuya ka ji an yi wa uwar attajiri wannan ƙazafi.

Yanzu bari mu ji ta bakin masu ja, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Matashi zai ce, wace irin wariya, alhali tsofaffi ne suka kankane mulki? Marigayi Muhammadu Buhari ya hau a 2015 yana da 72, Bola Tinubu a 2023 yana da 71, Paul Biya na Kamaru da aka haifa a 1933 ya shafe sama da shekara 40 a kan kujera, a ƙasashen da rabin jama'arsu ba su kai 20 ba. Sai da matasa suka yi fafutuka kafin a 2018 aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Wannan ƙorafi gaskiya ne, shi ma wariyar shekaru ce ta ɗaya fuskar, a ce "ai yaro ne" a hana mutum abin da ya cancanta. Amma su nawa ne a kan kujerun nan, a ƙasar da masu 60 zuwa sama suka haura miliyan 10? Kuɗi da iko ne suka riƙe su a can. Da furfura ce ke ba da mulki, da tsohon maigadin nan bai kwana a kan benci a ƙofar gidan sa'an ɗansa ba. Fushin da ya dace da mai iko, in aka juye shi a kan "tsofaffi" gaba ɗaya, a kan marar kariya yake sauka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ga miliyoyin matasa ba aiki, in babba bai tashi ba yaro zai zauna a ina? A ofis guda mai kujera goma lissafin daidai ne. A ƙasa baki ɗaya kuwa ba haka yake ba, domin aiki ba buhun hatsi ba ne da in wani ya ɗiba rabon wani ya ragu. An gwada an gani. Faransa a 1982 ta sauke shekarun ritaya daga 65 zuwa 60, Birtaniya kuma daga 1977 zuwa 1988 ta riƙa biyan manya su ajiye aiki da wuri don a ɗauki marasa aiki a gurbinsu. Daga baya masana a ƙarƙashin Jonathan Gruber da David Wise suka bi alƙaluman ƙasashe 12, aka wallafa a 2010, ba su samu shaidar cewa tashin manya ya buɗe wa yara hanya ba. Hasali ma inda manya suka fi daɗewa a bakin aiki, matasa sun fi samun abin yi. Kowace kasuwa tamu tana nuna dalili. Dattijon da ke da shago a Kantin Kwari ko garejin gyaran mota, yara nawa ke cin abinci a ƙarƙashinsa, nawa ya yaye ya ba su jari? Wanda ya ture shi makaranta ya rushe. Albashin mai shekara 58 kuma shi ne kuɗin makarantar 'yan 18, shi ne cefanen gida mai baki goma sha. Ka sallame shi ba fansho, nauyinsa ya dawo wuyan saurayin nan da kake tausaya wa. Rashin wuta, rufewar masana'antu, rashin tsaro a gonaki da tsadar jari su ne suka zaunar da matasa. Korar akawu ɗan 55 ba za ta tayar da inji ko ɗaya a Sharaɗa ba.

Wani kuma zai ce ai tsufa gaskiya ne, ƙarfi na raguwa, gani na raguwa. Haka ne. Ba mai cewa a bar wanda idonsa ya yi rauni ya ja tirela daga Kano zuwa Legas. Abin da ake cewa shi ne a gwada idon, a bar takardar haihuwa. Akwai ɗan 70 da ke huɗa da kansa, akwai ɗan 45 da ciwon suga ya kwantar. Saurin hannu na raguwa, amma sanin sana'a da iya zama da mutane da hango inda matsala za ta ɓullo sukan ƙaru, da tsohuwar zuma ake magani. Masu cewa babba ba ya koyon kwamfuta, mu tambaye su sau nawa aka tura shi kwas. Da zarar mutum ya haura 50 akan daina sa sunansa cikin masu zuwa horo, sannan a dawo a kafa hujja da rashin iyawarsa.

Mu koma kan hujjar da muka fara da ita, cewa iyali da addini sun wadatar. Musulunci ya tsananta a kan haƙƙin iyaye in tsufa ya riske su, har Suratul Isra'i ta hana ko da nuna musu ƙosawa, Kiristanci ma ya sa girmama uwa da uba cikin manyan dokokinsa. Amma gidan da muke jingina da shi ya canza. Gandu ya watse, samari sun tafi ci-rani, rikicin 'yan bindiga da na Boko Haram ya tayar da garuruwa, in an gudu kuwa wanda ba ya iya gudu ake bari a baya. Tsofaffin da ke bara a ƙofar masallatai da bakin danja ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu daga wani gida ya fito. A takarda an yi motsi: an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a farkon 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. To, je ka ƙauye ka tambayi tsohuwa me ya iso hannunta. Ba kuma sai ƙasa ta yi arziki ba. Lesotho, ƙaramar ƙasa marar man fetur, tun 2004 take biyan masu shekara 70 fansho ko da ba su taɓa aikin gwamnati ba. A Ghana wanda ya kai 70 an yafe masa kuɗin shekara na inshorar lafiya. Ko a gida, jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011.

Saura mu matsa a kai. A sa shekaru cikin abubuwan da doka ta hana nuna bambanci a kansu, a daina buga iyakar shekaru a tallar aiki sai inda aikin da kansa ya buƙata, aka kuma faɗi dalili. Duk inda na'ura ta ƙi yatsa, a tanadi wata hanyar shaida a ranar, kada a ce a dawo jibi. Akwai kuma wanda ba ya buƙatar majalisa. Ranar da za a zauna maganar sayar da gona, ko auren jika, ko aikin idon da likita ya rubuta, a shimfiɗa tabarmar a inda Baba yake, a bar Iya ta kai ƙarshen maganarta ko da tana jan ta a hankali, a ji me suke so kafin a yanke.